Nada, nadie, nunca: yadda Sifaniyanci ke kore magana, da inda Turanci ke ɓad da ɗalibi

Duk wanda ya zauna ajin Turanci ya san wannan doka, ko da jan biro aka koya masa ko da bulala: ba a haɗa kalmomin korewa biyu a jimla guda. Ka rubuta "I don't know nothing", malam ya zagaye maka da ja, ya ce ai yanzu cewa ka yi ka san wani abu. Da wannan doka a ka ɗalibi ke buɗe littafin koyon Sifaniyanci, kuma tun bai yi nisa ba zai ci karo da "No sé nada". Kalmar "no" korewa ce, nada ma korewa ce, ma'anar jimlar kuwa ita ce ban san komai ba. Ba maganar 'yan tasha ba ce. Haka alƙali zai rubuta, haka mai karanta labarai zai faɗa, a Madrid ne ko a Mekziko ko a Ikwatoriyal Gini, a harshen da mutum kusan miliyan 500 suka buɗe baki da shi.

Yawancin masu koyon Sifaniyanci a cikinmu ta gadar Turanci suke bi, domin littattafan da manhajojin waya galibi don mai jin Turanci aka tsara su. Sai mutum ya gaji ciwon kan Bature, alhali Hausarsa ba ta ɗora masa shi ba. A wasu wuraren ma Hausar ce ta fi kusa da Sifaniyanci. A wasu kuma tana da nata ramin, za mu zo kansa.

Kalmomin ba su da yawa, kuma bibbiyu suke tafiya. Algo wani abu ne, kishiyarsa nada. Alguien wani mutum ne da ba a ambaci sunansa ba, kishiyarsa nadie. Alguno shi ne wani daga cikin wasu, kishiyarsa ninguno. Siempre kullum ne, yana da kishiyoyi biyu, nunca da jamás. Sai también, wato "ma" ta "ni ma", da kishiyarsa tampoco, sai "o" mai ma'anar ko, da kishiyarsa "ni". Haddar waɗannan aikin yamma ɗaya ne. Inda ake shan wuya shi ne wajen jera su.

Dokar kuwa ɗaya ce tak: idan jimla korarriya ce, dole a sami kalmar korewa a gaban aikatau. Ɗauki aikatau kamar ƙofar gida mai buƙatar mai gadi guda. Idan nadie ya koma bayan aikatau, ƙofa ta zama ba kowa, sai a kirawo "no" ya tsaya: "No vino nadie", ba wanda ya zo. Idan kuwa nadie da kansa ya tsaya a ƙofar, an sallami "no": "Nadie vino". Ma'anar ɗaya ce, illa dai ta biyun ta fi nauyi a kan wanda bai zo ɗin ba. Abin da ba a yi shi ne barin ƙofa a buɗe, a ce "Vino nadie", ko a jibge masu gadi biyu, a ce "Nadie no vino". Wannan ta ƙarshen a Sifaniyancin da can ana samun irinta a rubuce, amma daidaitaccen harshe na yau ya yar da ita.

A bayan aikatau kuma babu iyaka. "Nunca le digo nada a nadie", ba na taɓa faɗa wa kowa komai. Korewa uku ke nan a jere, kuma jimlar na nan korarriya, ba ta juye ba. Ba ma izini kawai aka bayar ba, tilas ce: da zarar korewa ta shigo, sauran kalmomin rashin tantancewa sai su sa rigarta. Mai jin Turanci yakan so ya ce "No tengo algo" don gudun maimaita korewa, yana ganin ya yi tsafta. Kuskuren ke nan. "No tengo nada", ba ni da komai, ake cewa. Masana nahawun harshen na kiran wannan "concordancia negativa", wato jituwar korewa, kamar yadda sifa ke bin jinsin suna.

Ita kanta dokar Turancin ba daga sama ta faɗo ba. Turancin ƙarni na 14 yana tara korewa uku ko huɗu a jimla ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. A ƙarni na 18 ne marubuta nahawu suka kafa hukuncin cewa korewa biyu na kashe juna, kuma wanda aka fi jingina wa hukuncin shi ne Robert Lowth, mai littafin nahawun da ya fara fitowa a 1762. Hujjarsu ta lissafi ce. Amma harshe ba darasin lissafi ba ne, kuma Bahaushe shaida ne: "ban zo ba" na ɗauke da "ba" har biyu, ba a kuma taɓa jin wanda ya fahimci cewa mai maganar ya zo ba.

Babban tarkon mai jin Turanci, a ganina, ba ma wannan ba ne. Kalmar "any" ce. Turanci na amfani da ita a wurare uku da Sifaniyanci ya raba wa kalmomi uku daban. A korewa, "I didn't see anyone" shi ne "No vi a nadie". A tambaya, "Did you see anyone?" shi ne "¿Viste a alguien?". A inda ake nufin ko wane ne, "Anyone can do it" shi ne "Cualquiera puede hacerlo". Wanda ya haddace cewa "anyone" na nufin nadie zai yi daidai sau ɗaya cikin uku. Akwai ma wuri na huɗu, inda Sifaniyanci ba ya sa komai: "I don't have any money" kawai "No tengo dinero" ne.

Duba yadda Hausa ta raba nata: ban ga kowa ba, ka ga wani?; kowa zai iya. A tambaya "wani" muke cewa, daidai da alguien, don haka nan mun tsira. Amma mun haɗa na farko da na uku a kalma ɗaya, kowa, kuma ramin Bahaushe ke nan. Kowa da komai ba korarru ba ne a karan kansu, "ba" ce ke kore su. "Ya san komai" a Sifaniyanci "Lo sabe todo" ne, "bai san komai ba" kuma "No sabe nada". Wanda ya ɗauki komai a matsayin todo ya ce "No comí todo" yana nufin bai sa komai a bakinsa ba, abin da aka ji shi ne bai cinye duka ba, kuma ba wanda zai ƙaro masa abinci. Wani abin sha'awa shi ne ginin kalmomin kusan ɗaya ne. Mu mun ɗauki kalmar tambaya mun liƙa mata "ko": ko da wa, kowa, ko da ina, ko'ina. Su sun ɗauki kalmar tambaya sun liƙa mata "quiera" daga aikatau na so: cual ya ba da cualquiera, donde ya ba da dondequiera. Idan cualquiera ta zo gaban suna, namiji ne ko tamace, wasalin ƙarshe na faɗuwa: "cualquier día", kowace rana.

To me ya sa nada ke buƙatar "no" a wani wuri, a wani wurin kuma ta tsaya da ƙafarta? Tarihinta ne ya bayyana. Asalin kalmar ba korewa ba ce ko kaɗan. Daga Latin take, daga "res nata", abin da aka haifa, wato wani abu da ke akwai. Mutanen da kan ce ban ga abin da aka haifa ba, don ƙarfafa cewa ba su ga komai ba. Nadie ma daga wannan tushe na haihuwa ya fito: ban ga wanda aka haifa ba, ban ga ɗan Adam ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kalmomin sun daɗe a gefen "no" har suka kwashi ma'anarsa, yau ga shi ana tambayar mutum me ya gani, ya ce "Nada" kawai a gane. Faransanci ya bi wannan hanya: rien daga kalmar Latin ta abu ya fito, personne kuwa har yau yana nufin mutum, yana kuma nufin ba kowa. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya yi bayanin irin wannan juyi na korewa a 1917.

Mu ma muna yi. A tambaye ka ko baƙo ya iso, ka ce "Tukuna". Ina "ba" a ciki? Babu, amma kowa ya ji bai iso ba. Haka "ko kaɗan", haka "ko alama".

Juyin bai tsaya a Sifaniyanci ba, kuma nan ne ɗalibi ke faɗawa ba tare da ya ji ƙarar faɗuwarsa ba, domin akwai maganganun da fuskarsu ta tabbatarwa ce, cikinsu korewa. "En mi vida he visto tal cosa", kalma da kalma, a rayuwata na ga irin wannan. Ma'anarta kuwa tun da nake ban taɓa ganin irin wannan ba. Babu "no" a ciki, domin "en mi vida" ta riga ta tsaya a ƙofar aikatau kamar nunca. Sai "en absoluto", wadda mai jin Turanci ke ji kamar "absolutely" ya ɗauka amincewa ce. Ka tambayi mutum ko ya yarda, ya ce "En absoluto", cewa ya yi sam, faufau. Shi kansa alguno, idan ya koma bayan suna, korewa yake yi, mai ƙarfi ma kuwa: "sin duda alguna", ba tare da ko ƙwayar shakka ba, "No hay problema alguno", babu matsala ko ɗaya. Jamás ma daga kalmomin Latin biyu masu nufin yanzu da ƙari ta samo asali, shi ya sa har yau take da fuska biyu: "nunca jamás" har abada a'a, "por siempre jamás" har abada abadin. A maganar yau da kullum nunca ce ta fi yawo, jamás ta fi zafi.

Akwai kuma ɗabi'ar auna rashi da ƙaramin abu, wadda Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa. Mu mukan ce ba ni da ko kwabo, ko sisi, ko anini, kuɗaɗen da an daɗe da daina kashe su. A Sifaniya har yanzu ana cewa "No tengo ni un duro", alhali duro, wato peseta biyar, ya fita kasuwa tun da kuɗin yuro ya shigo hannu a 2002. Wannan "ni" ɗin shi ne "ko" namu na ko ɗaya: "ni idea", ko masaniya ba ni da ita, "ni siquiera me saludó", ko gaishe ni bai yi ba, "ni hablar", kar ma a soma. Idan aka jera shi biyu, dokar ƙofa na nan: "No bebo ni té ni café", ba na shan shayi ko kofi, amma "Ni Juan ni Pedro vinieron", da Juan da Pedro ba wanda ya zo.

Alguno da ninguno suna da 'yan ƙa'idojinsu. Suna bin jinsi, alguna da ninguna ga tamace. A gaban suna namiji tilo suna yar da wasalin ƙarshe su ɗauki alamar nauyi a kan u: "algún día", wata rana, "ningún problema". Idan babu suna a bayansu sai su dawo cikakku: "¿Tienes algún libro?" "No, ninguno." Ninguno kuma kusan kullum tilo ne, domin asalinsa a Latin ko ɗaya yake nufi, kuma ba a jam'inta ko ɗaya. Turanci na cewa "no friends" da jam'i, sai ɗalibi ya rubuta "ningunos amigos". "Ningún amigo" ne, aikatau ma tilo: "Ninguno de mis hermanos vino", ko ɗaya daga 'yan'uwana bai zo ba. Jam'in na fitowa ne a 'yan wurare, kamar "No tengo ningunas ganas", ba ni da sha'awa ko kaɗan, domin ganas a jam'i ta saba zuwa. Idan kuma ana zaɓe daga cikin mutanen da aka ambata, an fi son "alguno de ustedes" da "ninguno de ellos" a kan alguien da nadie.

Wata 'yar kalma da ke yawan ɓacewa a rubutun ɗalibai ita ce "a". Sifaniyanci na sa ta gaban karɓau idan mutum ne, kuma alguien da nadie na karɓar ta ko da kuwa nadie na nufin babu mutumin: "Busco a alguien", "No conozco a nadie". Bayan "hay", wato akwai, ne kawai ba a sa ta: "No hay nadie", babu kowa.

Algo da nadie sun shiga har cikin maganar daraja. Hidalgo, sunan ƙaramin mai sarauta a Sifaniya ta da, daga "hijo de algo" yake, ɗan wani abu, wanda gidansu ke da abin hannu da asali. A ɗaya gefen akwai "un don nadie", an ba mutum laƙabin girma na "don" sannan an ce masa ba kowa, kamar dai a ce ranka ya daɗe, ba kowan kowa ba.

Wajen tampoco kuwa mai jin Turanci ya fi Bahaushe sa'a, domin yana da "too" da "neither". Mu "ni ma" ɗaya muke da ita. Ina son shayi, ni ma. Ba na son shayi, ni ma. Sifaniyanci ba ya yarda da haka. Idan maganar farko tabbatacciya ce, "Yo también". Idan korarriya ce, "Yo tampoco". Wani ya ce "No entiendo", ban gane ba, ka ce "Yo también", kunnen mai harshen zai yi tuntuɓe. Da aikatau irin gustar, wato yi wa mutum daɗi, kuma, inda mai so ke zuwa a matsayin wanda abin ya yi wa daɗi, amsar na sauya siga: "No me gusta el frío", ba na son sanyi. "A mí tampoco." Idan saɓa masa za ka yi, gajeruwa ce: "A mí sí."

Haka batun amsa korarriyar tambaya. A Hausa a ce maka "Ba za ka zo ba?", kana iya cewa "E, ba zan zo ba", kana gaskata mai tambaya. A Sifaniyanci amsar na bin abin da zai faru ne: "¿No vienes?" "No, no voy." Na farkon a'a ne, na biyun shi ne mai gadin aikatau. Ka ce "Sí", an ji za ka zo, za a ajiye maka kujera.

Akwai jimlolin da babu "no" a cikinsu amma suna kiran nada da nadie, saboda akwai korewa a ɓoye. Sin, ba tare da, ita ce ta farko: "Se fue sin decir nada", ya tafi bai ce uffan ba. Ta biyu ita ce kwatance: "Juega mejor que nadie", ya fi kowa iya wasa, "más que nunca", fiye da kowane lokaci, "antes que nada", kafin komai. Turanci a nan "anyone" da "ever" yake sawa, shi ya sa ɗalibi ke miƙa hannu ga alguien, ya ɗauko abin da ba shi ba.

Korewa na taɓa har kalmar amma. Turanci na da "but" guda, Sifaniyanci na da pero da sino. Idan an kore abu ne don a maye gurbinsa da wani, sino ce: "No quiero té, sino café", ba shayi nake so ba, kofi. Idan kuwa maganar farko na nan daram, ana ƙara mata wani bayani ne kawai, pero ce: "No es rico, pero es generoso", ba mai kuɗi ba ne, amma yana da kyauta. Gwajin mai sauƙi ne ga Bahaushe: inda "amma" ta zauna daidai, pero ce, inda ka ji bakinka na son ginin "ba kaza ba ne, kaza ne", sino ce. Idan aikatau mai cikakkiyar siga ya biyo, sai ta zama sino que: "No lo vendió, sino que lo regaló", ba sayar da shi ya yi ba, kyautar da shi ya yi.

Mafi zurfin abin da waɗannan kalmomi ke jawowa shi ne sauya sigar aikatau. Kwatanta "Conozco a alguien que habla árabe" da "Busco a alguien que hable árabe". Wasali ɗaya ne ya bambanta habla da hable. A ta farko na san mutumin, yana nan, yana jin Larabci. A ta biyu nema nake, ban sani ba ko akwai shi, don haka aikatau ya koma sigar da suke kira subjuntivo, ta abin da bai tabbata ba. Wanda aka ce babu shi kuwa ai ya fi kowa rashin tabbata, shi ya sa idan que ta biyo bayan nadie da nada da ninguno a irin wannan gini sigar ba ta da makawa: "No hay nadie que lo sepa", babu wanda ya san shi, "No hay nada que me guste", babu abin da ya yi mini. Turanci ba ya nuna wannan bambanci a jikin aikatau, Hausa ma "mai jin Larabci" za ta ce a duka biyun, sai dai mahallin magana ya raba. A nan gadojin biyu duk sun gaza, sai kunne ya saba.

Duk wannan daidaitaccen harshe ne. A bakin jama'a akwai wasu launuka. A Jamhuriyar Dominikan da yankin Chocó na Kolombiya ana jin "No sé no", korewa a gaba korewa a baya, abin da zai tuna wa Bahaushe "ban sani ba". Wasu masana na danganta shi da harsunan 'yan Afirka da aka kai yankunan a zamanin cinikin bayi, wasu kuma ba su gamsu ba. Ko ma mene ne asalinsa, ba a rubuta shi a jarrabawa.

Ita kuwa nada ta bazu ko'ina a hira. Tana aikin bayanau: "No es nada fácil", ba shi da sauƙi ko kaɗan, kamar yadda algo ke nufin ɗan kaɗan a "Estoy algo cansado", na ɗan gaji. Ta yi kama da wata kalmar daban, nada ta aikatau nadar, yin iyo, har aka samu tsohuwar barkwancin bakin ruwa: "¿Usted no nada nada?", ba ka iyo ko kaɗan? "No traje traje", ban zo da kayan iyo ba, domin traje ma na nufin na kawo, yana kuma nufin tufafi. Ka yi godiya, a ce maka "De nada". Ka ba da haƙuri, a ce "No pasa nada". Duka biyun "ba komai" ne, kusan kalma da kalma. A Sifaniya kuma, idan hirar waya ta zo ƙarshe, an rasa abin ƙarawa, sai ka ji ɗaya ya ja numfashi ya ce "Bueno, pues nada". Ba wani abu yake korewa ba. To, shi ke nan, yake cewa.